Yadda na koma ɗalibi a Ingila bayan na yaye yara a aikin wuta a Kano

Na fara aikin wayarin a Kano tun ina saurayi, a hannun wani maigida da ke karɓar kwangilar gidaje da shaguna, kuma a wurinsa na koyi fasa bango da binne fayif da zura waya kafin na shiga makarantar koyon sana'a ta gwamnati. Daga baya na zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, na bi matakanta tun daga na uku har na ɗaya. Lokacin da zan bar ƙasar ina da shagona, ina da yaran da na yaye suka buɗe nasu, kuma masu sayar da kayan wuta a Sabon Gari suna ba ni kaya bashi a kan magana kawai.

A shekarar 2022 uwargidana, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta samu aiki a wani asibiti a Manchesta, na biyo ta da takardar da ta ba ni izinin yin aiki. Ban zo da fargaba a kan sana'ata ba, domin tsarin wutar Najeriya gadon Ingila ne: ƙarfin wutar gida bolt 230 ne a can da nan, soket mai ƙafa uku masu kusurwa shi ne dai wanda na saba ɗaurawa, fulogi mai fis na amfiya 13 kuwa tun ina yaro nake canza shi. Abin da na tarar shi ne, babu wanda zai bar mutum ya wuce ƙofar babban wurin gini ba tare da kati ba, kuma katin nan shi ke faɗin matsayinsa da irin aikin da za a yarda ya taɓa da kuma kuɗin da za a biya shi.

Ya kamata in fayyace wannan batu, domin 'yan uwa da yawa da ke tambayata suna zaton akwai lasisi guda da gwamnati ke bayarwa. A Ingila ba haka abin yake ba. Akwai kundin ƙa'idojin wayarin na ƙasa mai suna BS 7671, wanda cibiyar injiniyoyi ta IET ke fitarwa tare da hukumar ma'aunai ta Birtaniya, kuma asalinsa ya koma har 1882. Bugu na 18 ya fito a 2018, aka fara aiki da shi a farkon 2019, sannan aka yi masa babban gyara a 2022. Akwai dokar tsaron wuta a wuraren aiki ta 1989, akwai kuma sashen dokar gine-gine da ya shafi wutar gidajen zama, wanda ya fara aiki a 2005. A kan waɗannan ne aka gina katin ECS, wato katin shaidar ƙwarewar ma'aikatan wuta da ake nunawa a ƙofar wurin gini, kuma wanda ake kira katin zinare shi ne shaidar cewa mutum cikakken ma'aikacin wuta ne. Wanda ya zo da gogewa daga wata ƙasa yana da hanyar da aka tanada wa tsofaffin hannu masu shekara 5 ko fiye a sana'a: a auna takardunsa, ya ci jarrabawar kundin, ya samu shaidar iya dubawa da gwajin aiki, ya tara hujjar ayyukan da ya yi a wurin gini, a ƙarshe ya zauna jarrabawar hannu da ake kira AM2E.

Kafin duk wannan ya kammala dole mutum ya ci abinci, saboda haka na karɓi katin lebura na shiga aiki a matsayin ɗan taimako. Ina jan waya, ina ɗaura tiren da ake shimfiɗa wayoyi a kai, ina share tarkace, ina miƙa wa yaron da na girme wa nesa ba kusa ba filaya da sukundireba. Abin ya taɓa zuciyata matuƙa, musamman ranar da aka ce kada in haɗa ko da waya ɗaya a cikin akwatin rarraba wuta sai wani ya tsaya a kaina. Da na koma gida ina ƙorafi, uwargida ta ce da ni, "Baban yara, ni ma da na zo sai da na sake zama jarrabawa kafin su yarda in riƙe majinyaci, alhali ka san shekarun da na yi a asibiti. Girman kai rawanin tsiya ne, ka sayi littafin kawai." Na sayi littafin, wato kundin BS 7671, a ƙarshen makon.

Littafi ne mai bango ruwan ƙasa, shafukansa sun haura 500, kuma an rubuta shi da irin Turancin lauyoyi, inda doka guda za ta tura ka zuwa wata doka, ita kuma ta tura ka zuwa wani jadawali a ƙarshen littafi. An raba shi kashi takwas. Kashi na biyu ma'anonin kalmomi ne, na huɗu kariya daga jan wuta da gobara da wuce gona da iri na wuta, na biyar zaɓen kaya da ɗaura su, na shida dubawa da gwaji, na bakwai kuwa wurare na musamman irin su banɗaki da wurin ninƙaya da gonaki da wurin cajin motocin lantarki. Jarrabawar tambaya 60 ce cikin awa biyu, ana yin ta a kwamfuta, kuma an yarda mutum ya shiga da littafinsa. Da na fara jin haka na ɗauka sauƙi ne aka yi mana, har sai da na lissafa na ga minti biyu ne kacal ga kowace tambaya. Wanda bai san inda kowane batu yake kwana a littafin ba zai ƙare lokacinsa yana juya shafi. Ba hadda ake nema ba, ana so ne a ga ko mutum ya san hanyar da zai bi ya isa ga hukunci da sauri, kuma ko zai karanta dokar har ƙarshenta, domin sau da yawa togaciyar tana cikin layin ƙarshe.

Lokacin karatu shi ne babbar matsala. Ana fara aiki da sassafe, a cikin gini marar tagogi, kuma a watan Disamba rana tana faɗuwa a Manchesta kafin ƙarfe huɗu na yamma, ta yadda Azahar da La'asar da Magariba duk sukan riske ni a wurin aiki. In na isa gida jiki ya yi tsami, idan uwargida tana aikin dare kuma ni ne mai kula da yara. Na gano cewa karatun dare ba ya zama a kaina, don haka na mayar da shi bayan sallar Asuba, kamar yadda muke yi a makarantar allo, sannan a cikin bas ina amsa tambayoyin gwaji a waya. Wani abin da ya taimake ni ƙwarai shi ne haɗa karatun da abin da idona ke gani a wurin aiki. Idan na karanta cewa wayar da aka binne a bango dole ta bi ta miƙe daga soket ko makunni, sama ko ƙasa ko gefe, ko kuma ta bi cikin milimita 150 daga kusurwa ko silin, washegari sai in tsaya in duba bangon da muke aiki a kai in ga dalili: don mai buga ƙusa ya iya hasashen inda waya take.

Sashen da ya sauya mini fahimtar sana'ar shi ne babi na 41, wanda ke magana a kan yanke wuta da kanta idan matsala ta auku. A yadda muka taso, shaidar aiki ya yi kyau ita ce a kunna makunni kwan fitila ya kama, fanka ta juya, mai gida ya biya. Wannan babin bai damu da ko fitila ta kama ba. Tambayarsa ita ce, ranar da wayar wuta ta taɓa jikin ƙarfen firji, cikin sakan nawa bireka, wato makunnin da ke yanke layi da kansa, za ta faɗi? Ga layin soket a yawancin gidajen Ingila amsar ita ce kada ya wuce sakan 0.4, kuma ba a yarda mutum ya ce yana kyautata zato ba, sai ya nuna da lissafi. Bireka nau'in B mai amfiya 32 tana buƙatar ninki biyar na ƙarfinta, wato amfiya 160, kafin ta faɗi nan take. Idan aka ɗauki bolt 230, aka rage kashi biyar cikin ɗari saboda wuta takan sauka, aka raba da 160, za a samu om 1.37, om kuwa shi ne ma'aunin turjiya. Wannan shi ne iyakar turjiyar da hanyar za ta iya yi, tun daga taransifoma zuwa soket mafi nisa, ta dawo ta wayar ƙasa, wato wayar kariya da ake haɗawa da jikin ƙarfen kayan wuta. Idan na'urar gwaji ta nuna fiye da haka, to fitilu za su kama, komai zai yi aiki shekara da shekaru, amma ranar da aka samu matsala bireka za ta yi jinkiri, jikin firjin kuwa zai zauna da wuta har wani ya taɓa.

Na daɗe ina juya wannan lissafi a raina, domin ya bayyana mini abubuwan da na sha gani a gida ba tare da na san sunansu ba. Mun san gidajen da famfon banɗaki ke ɗan jan mutum idan ƙafarsa a jiƙe take, kuma maganin da aka saba shi ne a zuba gishiri da gawayi da ruwa a ramin sandar ƙasa. Hakan yana rage turjiya, amma sanda ita kaɗai da wuya ta sauko da ita ƙasa har bireka ta faɗi da sauri. Shi ya sa kundin ya dogara da RCD a irin wannan tsari, wato na'urar da ke kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo, idan ta ga bambancin miliamfiya 30 sai ta yanke layin. A gidajen da ke da sandar ƙasa tasu, wanda shi ne tsarin da na fi sani a Kano, lokacin da aka yarda ma ya fi gajarta, sakan 0.2 ne.

Haka batun zafi ya kasance. Jadawalan da ke nuna yawan wutar da waya za ta iya ɗauka an gina su ne a kan yanayi mai zafin digiri 30. Idan zafin wurin ya kai 40, waya mai robar PVC tana ɗaukar kashi 87 cikin ɗari ne kawai na abin da aka rubuta, idan ya kai 45 kuwa kashi 79. Abokan karatuna Turawa suna ɗaukar wannan jadawali a matsayin lissafin jarrabawa kawai, domin damuwarsu ita ce audugar hana sanyi da ake cusawa a rufin gida, wadda idan ta lulluɓe waya tsawon rabin mita sai a raba ƙarfinta biyu. Ni kuwa da na ga lambobin sai na tuna cikin silin a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu a Kano, inda mutum ba ya iya minti goma, da kuma wayoyin da robarsu ta bushe take farfashewa a hannu. Mukan ɗora laifin a kan jabun waya, kuma jabun na nan da yawa a kasuwa, amma ko waya mai kyau ce, idan an zaɓi kaurinta ba tare da lissafin zafi ba, ƙarshenta ke nan.

Akwai kuma batun launi, wanda duk ɗan Najeriya da ya zo aikin wuta nan ya kamata ya kula da shi tun ranar farko. Mun saba da ja a matsayin wayar wuta, baƙi a matsayin nutiral, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a layi uku kuwa ja da rawaya da shuɗi. Birtaniya ta sauya zuwa launukan Turai tsakanin 2004 da 2006: ruwan ƙasa da baƙi da ruwan toka su ne masu wuta, shuɗi ya koma nutiral. Ma'ana, baƙin da hannunka ya saba ɗauka da sakaci yanzu yana ɗauke da wuta, shuɗin da kake tsoro shi ne nutiral, kuma a tsohon gini za ka iya tarar da tsarin biyu a akwati ɗaya.

Na ci jarrabawar kundin, alhamdulillahi, na kuma wuce zuwa ta dubawa da gwaji. A nan ne na fara riƙe na'urar da ke auna komai, wadda kuɗinta kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa ba a cika ganinta a shagunanmu ba. Gwajin yana da jeri wanda ba a tsallakewa. Kafin a saki wuta ana tabbatar da cewa wayar ƙasa ba ta yanke a ko'ina ba, a gwada layin soket mai zagaye daga bakinsa zuwa bakinsa, a tura bolt 500 a ga ko robar wayoyi tana yoyo, inda ba a karɓar ƙasa da megaom 1, wato om miliyan ɗaya, sannan a tabbatar makunni da bireka suna kan wayar wuta. Sai bayan haka a saki wuta a auna turjiyar hanyar da ta dawo ta ƙasa, a gwada RCD a ga ta yanke cikin milisakan 300. Kowace lamba ana rubuta ta a takarda, mutum ya sa hannu da sunansa, kuma idan gobara ta tashi bayan shekaru takardar nan za a nema.

Tara hujjar aiki ya fi jarrabawa cin rai, domin ba a hannuna yake ba. Ana buƙatar hotuna da bayanin ayyuka iri-iri da na yi da kaina, da shaidar wanda ke kula da ni, da ziyarar mai tantancewa a wurin aiki, alhali ni an ɗauke ni ne a matsayin mai jan waya. A kamfanin farko an yi ta yi mini alkawari ba a cika ba, saboda ɗan taimakon da ya iya aikin gwani amma ake biyansa kuɗin lebura riba ce ga mai kamfani. Na bar su na koma wani ƙaramin kamfani, inda wani dattijo Bature mai kula da aiki ya ba ni akwati guda ya ce in haɗa, ya dawo ya duba, ya ja kowace waya da yatsa, bai ce komai ba. Daga ranar ya riƙa ba ni aikin da nake buƙata yana sa mini hannu.

Jarrabawar hannu ana yin ta ne a wata cibiya, cikin ɗan ɗaki da aka keɓe wa kowane mutum, ana kuma shafe kwanaki ana yi. Abu na farko da ake dubawa shi ne yadda mutum ke kashe wuta kafin ya taɓa waya, kuma wanda ya yi kuskure a nan ya faɗi sashen ko da ya fi kowa iya aiki. Testa mai kama da sukundireba, wadda kowane mai gyaran wuta a gida ke soke wa a aljihun gaba, ba ta da wuri a nan. Ana amfani da ma'auni mai baki biyu, a fara gwada shi a kan wata 'yar na'ura mai ba da wuta don a tabbatar yana aiki, a kashe layin, a sa kwaɗo, a jefa makullin a aljihu, a rataya gargaɗi, a auna tsakanin kowace waya da 'yar uwarta, wanda a layi uku gwaji goma ne, sannan a sake gwada ma'aunin don a tabbatar bai mutu a tsakani ba. Na maimaita wannan jeri a gida da baki da hannu har yarana suka haddace shi.

Sashen ɗaura kaya bai ba ni tsoro ba sai a wuri ɗaya. Layin soket, fitila mai makunni uku, injin mai layi uku da abin tayar da shi, waya mai sulken ƙarfe, duk na yi su a masana'antun Sharaɗa da Bompai. Amma wayarin na dumama gida ban taɓa ganinsa ba kafin in zo ƙasar nan, domin babu wanda ke neman ƙarin zafi a ɗaki a Kano in ban da 'yan kwanakin hunturu. Tsari ne da ke haɗa agogon kunnawa, da ma'aunin zafin ɗaki, da na tankin ruwa, da bawul biyu masu inji, da famfo, da tukunyar dumama ruwa, duk su haɗu a ƙaramin akwati ɗaya. Ban gane shi ba sai da na daina kallon zanen a matsayin tarin wayoyi na fara bin sa a matsayin saƙo: agogo ya ba da izini, ma'auni ya ce akwai sanyi, bawul ya buɗe, buɗewarsa ta taɓa wani ɗan makunni a cikinsa, shi kuma ya tayar da tukunya da famfo. Na zana shi a kwali na manna a bangon kicin, ina bin sa da yatsa ina shan shayi.

Inda na ji ni a gida shi ne sashen gano matsala, inda ake dasa kurakurai da gangan a cikin wayarin a ba mutum awa biyu ya nemo su da wuta a kashe. A nan ne samarin da suka fi ni Turanci da saurin littafi suke fitowa da gumi. Wanda ya yi shekaru yana shiga gidajen da mutum biyar suka yi wa wayarin a lokuta daban-daban, babu zane, babu launi ɗaya, ga janareta ga sola ga layin gwamnati duk a bango guda, ya riga ya koyi raba layi biyu ya gano ɓangaren da cutar take, ya sake rabawa har ya kai gare ta. A ra'ayina masu gyaran wuta na gida sun fi na nan kaifin ido a wannan fanni, kuma ban faɗi haka don son kai ba. Abin da ya rage mana shi ne na'urar aunawa, da mai gidan da zai yarda ya biya kuɗin kariyar da ba ya gani, da kuma wanda zai zo ya nemi takardar gwaji kafin a haɗa wuta.

Sakamako ya fito na ci, katin zinare ya iso ta gidan waya, albashi ya ƙaru, kuma yanzu ni ke sa hannu a takardar gwajin aikin da na yi. Karatun bai ƙare ba, domin an sake yi wa kundin ƙaramin gyara a 2024 saboda na'urorin sola da batir da ke mayar da wuta baya, kuma duk lokacin da sabon bugu ya fito sai an sabunta shaida.

A 'yan watannin nan ina gina gida a Kano, kuma babban yarona na da, wanda yanzu shi ma maigidan kansa ne, shi ke yin wayarin. Na aika masa da na'urar gwaji ta hannu wadda na saya a nan, muna yin waya ta bidiyo ina nuna masa yadda ake auna sandar ƙasa da yadda ake gwada RCD. Da ya ga jerin kayan da na rubuta sai ya ce, "Maigida, wannan a gidanka ne za a yi, amma wallahi in na kai wa wani wannan lissafin zai ce ina so in cuce shi ne, ya kira wanda zai yi masa a rabin kuɗi." Na san gaskiya ya faɗa, domin na yi shekaru ina rubuta irin wannan lissafi ina ganin yadda ake tsuke fuska. Mun tsaya a kan cewa duk aikin da ya karɓa daga yanzu zai riƙa sa RCD aƙalla a layin banɗaki da na kicin, ya saka kuɗinta cikin jimlar kaya, ya kuma rubuta lambobin da ya auna a takarda ya bar wa mai gidan kofi ɗaya.